Jarka Mai Jan Ƙyalle

Asabar, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Kai da ka tsinci littafin nan, ka taɓa ce wa matar da ta goya ka "a'a" tana kuka a gabanka? In ba ka taɓa ba, ja bakinka ka karanta. In ka taɓa, zo ka koya mini.

Sunana Salahuddin. A nan Salah suke ce mini, wasu kuma "mai ruwa". Ni ba likita ba ne. A aji shida na bar makaranta. Kafin wannan yaƙin ya faɗo mana, gyaran waya nake yi a Kasuwar Libiya, tsakanin mai caja da mai shayi, kuma duk takardar da iska ta kawo gabana sai na karanta ta. Hausar boko ma a waya na koye ta, wajen musu da mutanen Kano da Damagaram. Da ita nake rubutu don a gidan nan babu mai iya karanta ta.

Asibitinmu makarantar firamare ce a da, a nan Omdurman. Ɗakin tiyata ofishin shugaban makaranta ne, taswira na nan a bango har yanzu. Likitar tiyata ɗaya gare mu, Dakta Wafa. Nas ɗin da ke miƙa mata wuƙa da almakashi ita ce Hanadi. Ni kuwa ina bayan ginin da tukunya.

Ruwan gishiri na leda, wanda ake wanke ciwo da shi, ya ƙare tun watan Yuni. Dakta ta ce in an buɗe mutum, ba a ɗinkewa sai an yi ta kwarara ruwa a ramin ciwon, ƙasa da zaren riga da mataccen nama duk su fita. In ba haka ba, ka ɗinke cuta a cikin mutum ka ce masa Allah ya sawwaƙe. To tun da na leda babu, ni ke yin sa. Ruwan Nilu, a tace da ƙyalle, a tafasa minti ashirin cur, gishiri giram tara a kowace lita, a bar shi ya huce da murfinsa a rufe, a juye a jarkar da aka wanke da kulorin. Sannan in ɗaura jan ƙyalle a hannun jarkar. Jan ƙyallen nan ma'anarsa ɗaya ce: Salah ya rantse babu abin da ya shiga ruwan nan bayan wuta.

Wanda ke kawo mini ruwan a karo, amalanken jaki, shi ne Dauda. Nono ɗaya muka sha. Uwata ta rasu a yankin Jazira ina wata biyar, ƙanwarta Hajara ta haɗa ni da nata ɗan ta shayar, ta taho da mu unguwar Mayo, ta raine mu da sayar da gyaɗa. Inna nake ce mata, ban san wata Inna ba.

Ranar Alhamis dana, wato harsashin igwa, ta faɗo a hanyar kogi. Jakin ya mutu nan take. Dauda kuwa ƙarfe ya shiga ƙwaurinsa na hagu. An yi masa aiki a ranar. An wanke ciwon da ruwana.

Yau jikinsa da ɗan zafi. Dakta ta ce haka ake yi.

Akwai abin da na yi ranar Alhamis. Ba yau zan rubuta shi ba.

Lahadi, 6 ga Agusta, da hantsi

Na kai wa Dauda shayi da busasshiyar gurasa. Yana kwance a ajin 'yan aji uku, ƙarƙashin allon da har yanzu ke ɗauke da lissafin ninkawa.

Ya ce, "Farfesa, ka zo? Wa ke kawo maka ruwa yanzu?"

Na ce Hamuda ne.

"Hamuda? Wannan da ke ɗiba a bakin gaɓa inda ake wankin kaya? Ya zol, mutumina, ka ƙara masa minti goma a wuta."

Na ce, "Kai dai ka kwanta. Jakinka ma ya fi ka hankali, shi ya huta gaba ɗaya."

Ya yi dariya har ya riƙe ƙafar. Inna na zaune a ƙasa tana kore masa ƙuda da gefen mayafinta. Ta ɗago ta dube ni, ta yi mini wani murmushi irin na mutum biyu da suka san abin da na uku bai sani ba. Na ɗauke kai.

Da na sunkuya ɗaukar kofi na ji wari. Kaɗan ne. Wata uku ina gidan nan, na san warin jini, na san warin gumi, na san wannan.

Damina ce, ƙuda sun yi yawa. Mai yiwuwa daga taga ne.

Litinin, 7 ga Agusta, azahar

Minti ashirin. Giram tara. Jan ƙyalle. Na yi jarka huɗu, ban ci abinci ba.

Talata, 8 ga Agusta, bayan azahar

Mutum uku aka yi wa aiki ranar Alhamis: Dauda, wani tsoho mai rauni a hannu, da wata mata Fadila da aka ciro wa jariri ta ciki. Yau duka ukun ciwonsu ya kama ruwa. Na Laraba lafiya lau, na Juma'a lafiya lau.

Dakta Wafa ta tara mu a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ta ce, "Uku a rana ɗaya ba tsautsayi ba ne. Abu ɗaya ne ya taɓa su duka. Salah, ruwan Alhamis?"

Na ce, "Minti ashirin, Dakta. Da agogon wayata."

"Gishiri?"

"A kan awo."

"Jarkar?"

"Na wanke ta da kulorin."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ka duba da kyau, kai mai karatu. Duk abin da ta tambaya na amsa da gaskiya. Ita ce ba ta tambayi abin da ya kamata ba.

Sai ta juya ga Hanadi. Kayan aiki a tukunyar tururi ake dafa su, irin ta dafa wake, kuma robar bakin murfin ta tsage tun makon jiya. Hanadi ta naɗe wurin da ƙyalle ta ci gaba, ba ta faɗa ba don ta san babu wata. Dakta ta ɗaga murfin ta duba, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Daga yau ki koma ɗakin marasa lafiya, Hanadi. Ma'alesh, ki yi haƙuri. Ba zan iya sa hannunki a tire ba sai na gane."

Hanadi ta ce, "Shekara goma sha ɗaya, Dakta." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta cire hular tiyata ta ninke ta.

Ni da ake cewa bakina ya fi na kowa kaifi, ni da na taɓa tsayar da layin burodi ina yi wa mai gasa lacca kan nauyin gurasa, na tsaya ina kallon takalmina.

Laraba, 9 ga Agusta, da sassafe, kafin a kunna wuta

To. Bari in rubuta.

Ranar Alhamis da aka shigo da Dauda a kan ƙyauren ƙofa, Inna ba ta biyo shi nan take ba. Gidan Malam Uthman ta fara zuwa, limamin masallacin unguwarmu, wanda kakansa ya taso daga Sakkwato zai je Makka ya tsaya a nan. Ya rubuta mata ayoyi a allo, ya wanke da ruwan randa, ya zuba mata a robar lemo. Rubutu dai, wanda mutanen nan ke ce wa mihaya. Ni ma na sha shi tun ina yaro, ba sau ɗaya ba.

Ta same ni a bayan ginin. Jarka ɗaya ce a shirye, na riga na ɗaura mata ƙyalle. Tukunya ta biyu tana kan wuta.

Ta ciro robar daga cikin mayafi ta ce, "Salahu, an ce da ruwanka za a wanke cikin ƙafar ɗan'uwanka."

Na ce e.

"Zuba wannan a ciki."

Na ce, "Inna, ba a yi. In ya farka ki ba shi ya sha."

"In bai farka ba fa?"

Na ce to ta kawo in zuba a tukunyar da ke kan wuta, ya tafasa tare da sauran. Wallahi na faɗi wannan. Allah ne shaidata na faɗa. Ta ja robar ta rungume a ƙirji kamar na ce zan jefa jariri a murhu.

"Ayar Allah za ka dafa? Karatun naka ke nan? Wuta ba ta taɓa ayar Allah, ɗan nan."

Daga ciki Hanadi na ƙwala mini kira, "Ya Salah, ruwa! Yana kan tebur!"

Inna ta kama wuyan hannuna. Ba ta yi mini gorin nono ba, da ta yi da na samu abin yin fushi. Cewa ta yi, "Ban taɓa roƙonka komai ba." Kuma gaskiya ne. Hawaye na bin tsagar kumatunta.

Ka san abin da na yi? Lissafi. Ni mai karatu. Na ce rabin kofi a cikin lita ashirin, me zai yi? Na san ruwan randa ne, na san Dauda da kansa ya ɗebo shi daga kogi ba a tafasa ba, na san tawadar da ƙaro da baƙin tukunya aka yi ta, na san allon hannu nawa ya bi ta kansa. Na san ƙwayar cuta ba ta san rabin kofi ba. Shafi na tamanin da shida ne a tsohon littafin nas-nas da na tsinta a ma'ajiyar makarantar nan, ni na ja layi a ƙarƙashinsa da biro.

Na buɗe murfin. Na zuba. Na girgiza. Ruwan bai ma canza launi ba.

Ban kwance jan ƙyallen ba.

Da jarkar nan aka wanke Dauda. Abin da ya rage aka wanke tsohon, aka wanke cikin Fadila.

Juma'a, 11 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

An sake buɗe ƙafar Dauda an wanke. Jarka biyu ta ci. Maganin sa barci kaɗan ya rage, an ajiye wa masu aikin ciki, don haka ni na danne kafaɗunsa. Ya kira Inna, ya kira Manzon Allah, ya kira sunan jakinsa. Da aka gama ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ruwan nan naka akwai sanyi, Farfesa."

Tsohon ya fara samun sauƙi. Fadila kuwa zazzaɓi ya ƙi sauka, cikinta ya kumbura. Dakta ta ce abin ya fi ƙarfin makaranta. Mijin ya samo raksha, keken nan mai ƙafa uku, aka kwantar da ita a baya, wata ƙanwarta ta rungumi jaririn, suka nufi arewa inda aka ce akwai asibiti mai wuta da magani. Hanyar na buɗe ko a rufe, babu wanda ya sani.

Ni na riƙe musu labulen rakshar. Mijin ya ce mini, "Allah ya saka da alheri, ya ustaz."

Asabar, 12 ga Agusta, da hantsi

Tun asuba ake luguden wuta ta wajen gada. Waɗannan su harba, waɗancan su rama, mu a tsakiya muna hura gawayi.

Da akwai ruwan leda da duk wannan bai faru ba. Leda a rufe take, babu inda za a zuba komai. Ina motocin da aka ce suna tafe da magani? A wane shinge aka tsare su? Wa ya sayar? Ƙasa guda a ce mai gyaran waya ne ke haɗa ruwan tiyata a tukunyar biki!

Na karanta abin da na rubuta. Gaskiya ne duka. Amma ba masu shinge ne suka buɗe murfin ba.

Litinin, 14 ga Agusta, la'asar

An yanke. Ƙasa da gwiwa da faɗin tafin hannu.

Dakta ta ce baƙin ya fara hawa, in an jira gobe sai cinya, in an jira jibi sai likkafani. Inna ce ta dangwala yatsa a takarda.

Ni na kawo ruwan. Minti talatin na tafasa shi, kamar ƙarin minti goman zai koma baya ya gyara na Alhamis.

Aka miƙo mini abin a naɗe cikin zane, ni da Hamuda muka kai maƙabarta muka binne. Ba ta da nauyi. Wannan ƙafar da ta taɓa karya mini haƙori a ƙwallo a filin Mayo.

Laraba, 16 ga Agusta, da rana tsaka

Hanadi na wanke tasoshin fitsari a bakin famfon da ba ya kawo ruwa. Na kawo mata bokiti.

Ta ce, "Ajiye nan, ya mai falsafa. Yau ba lacca?"

Na ce babu.

"Kwana takwas ina lissafawa. Tukunyar nan ta yi Laraba, ta yi Juma'a, da wannan tsagar. Me ya sa sai Alhamis?" Ta goge goshi da bayan hannu. "Amma wa ya sani. Mai yiwuwa ni ce. Matar nan Fadila nake ta gani. In ta mutu, da hannuna ne."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kin ci abinci?"

Ta ce, "Adas ne yau ma a takiyya?"

Na ce adas ne. Na je layin takiyya, inda unguwa ke dafa abincin sadaka, na karɓo mata kwano. Wannan ita ce jarumtakata ta yau, kwanon miyar adas, ɗan waken nan ja.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Zazzaɓin Dauda ya sauka. Ya ci kisra, wainar dawa ta mutanen nan, ya nemi ƙari. Ya ce in an samu zaman lafiya zai sayi raksha, tunda ita ba ta buƙatar ƙafa biyu, kuma ba ta cin dawa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Inna.

Na same ta a inuwar dalbejiya da mata shida masu jinya, tana ba su labari. Da ta hango ni ta miƙo hannu. "Ga shi nan, ɗan albarka. Likita da bakinta ta ce saura kaɗan ya tafi. Ƙafa ta tafi, rai ya tsaya. Me ya tsayar da shi? Ayar da ta shiga jikinsa tun ranar farko." Ta rage murya, amma duk sun ji. "Shi ne ya zuba mini ita a ruwan."

Kafin magariba mata uku sun zo bayan ginin. Kowacce da robarta a cikin mayafi. Ɗaya mijinta za a cire wa ƙarfe a baya gobe.

Na ce ba na yi.

Mai mijin ta ce, "Don mu ba danginka ba ne?"

Na daka mata tsawa. Tsohuwa ce, ta haifi kamata. Na ce su ɓace mini daga gaban tukunya. Tsawar da ya kamata in yi makonni biyu da suka wuce, ga ta ta fito yau, a kan wadda ba ta yi mini komai ba.

Lahadi, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na je wurin Malam Uthman. Yana zaure a kan buzu, gilashinsa ɗaure da zare. Mutumin kirki ne, kada ka ɗauka wani abu. Shi ke wanke gawarwakin da ba a san danginsu ba, shi ya buɗe takiyyar unguwa da buhun gidansa.

Na gaishe shi, na faɗa masa komai. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina.

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Inna lillahi. Ni cewa na yi ya sha, a shafa masa a goshi. Ban ce a zuba a rauni ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in an tafasa rubutu, ayar ta ƙone?"

"Wa ya faɗa? Maganar Allah ba tawada ba ce da wuta za ta ci. Wannan zancen tsofaffi ne, na girmamawa."

"To ka faɗa ranar Juma'a. A kan mumbari. Ka ce kada a sa a ciwo, in kuma dole ne a tafasa."

Ya cire gilashin ya goge. "Salahuddin, in na faɗa yau, Hajara za ta ji. Ba yarinya ba ce, za ta haɗa ɗaya da ɗaya. Kana so matar nan ta san da hannunta ta yanke ƙafar ɗanta? Cewa ayar ce ta ceci ɗanta, abin da take tsaye a kai ke nan. Ka bari ƙura ta lafa. Duk wadda ta zo karɓa zan gaya mata a hankali."

Na ce, "Ba wurinka kaɗai suke karɓa ba, Malam. Kuma ba hannunta ba ne, nawa ne."

Ya ce, "To kai ma ka yi istigfari, ka rufa wa kanka asiri."

Na fito ina huci. A hanya na gane abin da ya fi ba ni haushi: amsar da nake so in ji ke nan, kuma na ji daɗinta har zuwa kwanar gidan burodi.

Litinin, 21 ga Agusta, da safe

Mai rauni a baya, wanda na kori matarsa: an sami bandejinsa a jiƙe, da baƙi-baƙin tawada. Tun da mai ruwa ya ƙi, ta ɗaga audugar ta zuba da kanta.

Talata, 22 ga Agusta, azahar

Na faɗa wa Dakta Wafa. A tsaye, tana wanke hannu. Ban yi ado ba, minti biyu ya ɗauka. Abin da na ɗauka kwana goma sha tara.

Ba ta juyo ba sai da ta gama. Ta ce, "Ka bar ni na cire Hanadi."

Na ce e.

"Ka tsaya a gabana ka ce minti ashirin."

Na ce e. Na ce, "Dakta, ki gaya mini, ni ne na yanke ƙafar?"

Ta ce, "Kana so in yanke maka hukunci ka huta? Ba ni da ɗakin gwaji. Ƙarfen ya shiga da ƙasar hanya, ƙuda sun fi mu yawa, maganin da muke ba su rabin na ƙa'ida ne. Mai yiwuwa ko da ruwan Makka aka wanke da ta ruɓe. Amma uku a rana ɗaya, daga jarka ɗaya. Kai mai karatu ne, ka lissafa." Ta yarfe hannu. "Da ina da wani mai tafasa ruwa da ka bar gidan nan yau. Ba ni da shi. Za ka ci gaba da hura wuta. Ƙyallen kuwa ba kai za ka ƙara ɗaurawa ba. Je ka kira mini Hanadi, kuma kai za ka gaya mata dalili."

Na gaya mata a bakin famfo. Ta saurara har ƙarshe. Na ɗauka za ta zage ni, na ma shirya. Ta ajiye tasa, ta ɗauraye hannu, ta ce, "Kwanon adas." Ta wuce ni.

Da la'asar ta zo bayan ginin ta tsaya a kaina har ruwa ya huce, ta ɗaura ƙyallen da kanta, ƙulli biyu. Ta koma ciki.

Har yau babu labarin Fadila.

Alhamis, 24 ga Agusta, da hantsi

Inna ta tafi karɓo abinci, na zauna a bakin gadon Dauda na faɗa masa.

Ya kalli inda ƙafar take a da. Ya ce, "Kai da ka hana ni shan ruwan kogi tun muna yara, kana ce mini akwai dabbobi a ciki."

Na ce ni ne.

"Da ni ne a wurin tukunyar, ni ma da na zuba. Wa ke iya mata?" Ya ja numfashi. "Amma ni ba a ba ni ƙyalle ba, Salah."

Bai ce Farfesa ba.

Can ya ce, "Abu ɗaya. Kada Inna ta ji. Ka ci mini ƙafa, kada ka ci mini uwa."

Na ce akwai mutumin da aka jiƙa wa bandeji, jiya aka sake buɗe shi. Na ce da safen nan Hanadi ta ƙwace roba biyu a ɗakin mata. Na ce duk inda Inna ta zauna labarin take bayarwa, kuma sun yarda da ita don ba ta taɓa ƙarya ba.

Ya juya fuska bango. "To ka zaɓa. Ai ka saba zaɓa mini."

Inna ta shigo da kwano, ta ce, "Me kuke ƙus-ƙus, 'yan biyuna?" Ta gutsuro gurasa ta sa mini a baki da hannunta. Na tauna. Na haɗiye.

Juma'a, 25 ga Agusta, kafin kiran salla

Na tafasa na yau. Hanadi ta ɗaura. Na yi wanka, na sa jallabiyar Dauda don tawa duk gawayi ce.

Na je wurin Inna da farko, don kada ta ji a bakin lasifika tare da kowa. Na durƙusa, na ce, "Inna, yau zan yi magana a masallaci, za ta yi miki zafi. Laifin nawa ne, ni na san abin da ke cikin littafi." Ta dube ni ba ta gane ba, ta ce Allah ya yi mini albarka. Na kasa ƙarasawa. Ko a nan ma rabi na iya.

Sauran a can zan faɗa. Da an sallame zan miƙe kafin mutane su nemi takalmansu. Zan ce ni ne Salahuddin mai ruwa, ranar uku ga wata na zuba abin da ba a tafasa ba a jarkar tiyata na bar mata jan ƙyalle, mutum uku suka ruɓe, ɗaya ya rasa ƙafa, ɗaya ban san inda take ba, aka ɗora wa Hanadi. Ba zan ambaci wadda ta kawo robar ba. Matan da ke bayan labule sun sani, ita ma tana cikinsu. Dauda ba zai ƙara kirana ɗan'uwa ba, mai yiwuwa. Na ji.

Amma maganata ba za ta hana roba ko ɗaya shiga asibiti ba. Wane ne ni? Mai gyaran waya, mara kunya, wanda ya daka wa tsohuwa tsawa. Kai suke ji, Malam Uthman.

Don haka zan juyo gare ka, a gaban sahu, da lasifikar a kunne. Abin da ka gaya mini a zaure ranar Lahadi, kana goge gilashi, ka maimaita shi. Ana zuba rubutu a buɗaɗɗen ciwo? Wuta tana ƙona ayar Allah, ko ba ta ƙonawa? Ba a zaure ba, ba a kunnen mace ɗaya-ɗaya ba, ba in ƙura ta lafa ba. Gobe Asabar mutum huɗu za a buɗe, kuma iyayensu mata suna bayan labulen nan da robobi a cikin mayafi.

Ba zan zauna ba sai ka amsa, Malam. Ka amsa su ji.